Yaro Ɗaya, Labari Uku: Darasin Yaƙi da Shan-inna ga Hukumominmu

A wani ƙauye kusa da Yashe, inda na je gaisuwar Sallah, na tarar da yarinya 'yar shekara tara goye da ƙanenta. Ƙafafunsa sun kumbura, gashin kansa ya yi ja. Tamowa ce. Da na bi diddigi, sai na gano malamar asibiti ta san yaron, domin ta taɓa auna damtsensa kafin a daina kawo shi. Hedimasta ya san yarinyar, sunanta na cikin rajista amma ta yi zango biyu ba ta leƙa aji ba. Mai unguwa kuwa ya san mahaifinsu ya tafi cirani, bai aiko da ko sisi ba. Kowa ya riƙe guntun labari, babu wanda ya kai wa ɗan'uwansa.

Ba doka muka rasa ba. Tarayya ta kafa dokar haƙƙin yara tun 2003, Gwamna Aminu Bello Masari kuma ya sa hannu a kan dokar kare yara ta Jihar Katsina a ƙarshen 2020. Duk da haka, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar cikin watanni shida na farkon 2025. Da yawan irin waɗannan yara ana kai su ne bayan aski ya zo gaban goshi, alhali wani ya gan su tun da wuri.

Mun taɓa warware irin wannan ƙulli. Bayan ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003, sarakunan Arewa sun kafa kwamiti a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Umarni ya riƙa sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Mata masu wayar da kai suna bin gida gida, suna rubuta jarirai, suna halartar suna. Kowane yamma a lokacin zagaye, ma'aikatan lafiya da masu sarauta kan zauna su lissafa gidajen da aka tsallake. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Allurar ta yi aikinta, amma wannan zama na yamma ne ya kai ta bakin kowane yaro.

Abin da nake nema daga ƙananan hukumomin Kusada da Kankiya bai buƙatar sabon ofis. A kowace mazaɓa, sau ɗaya a wata, shugaban asibiti da hedimasta da kwamitin kula da makaranta da jami'in walwalar jama'a da limami su zauna a zauren dagaci. Kowa ya zo da littafinsa. A karanta sunan yaron da ya daina zuwa awo da wanda ya ɓace daga aji, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin bibiyarsa, wata mai zuwa a tambaye shi inda aka kwana. Shugaban ƙaramar hukuma ya nemi rahoton, kuma a kiyaye sirrin iyalai.

Yaron da na gani ya samu sauƙi, yayarsa ta koma makaranta, bayan mai unguwa ya taka zuwa asibiti da kansa. Tafiyar ba ta kai ta rabin sa'a ba, amma sai da aka yi wata shida kafin wani ya yi ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya raya mana zuri'a.