Ƙamus a Cikin Waya: Aikin da Ke Jiran Matasan Birnin Gwari

Tun a 1936 aka keɓe dajin Kamuku da ke Birnin Gwari a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya zama gandun ƙasa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. In ana maganar arzikin wannan yanki, katako da noma da zinariya ake ambata. Akwai wata dukiyar da ba a cika lissafawa ba, wato kalmomin da mutanen da ke rayuwa da dajin suke amfani da su.

Maharbi ya san sawun gwanki da na kanki, yana da sunan kowane irin tarko. Mai maganin gargajiya ya san saiwar taura da sassaƙen maje da abin da kowanne ke yi. Masassaƙi zai gaya maka dalilin da ya sa ake turmi da ƙirya. Bafulatani makiyayi yana da sunan ciyayi da launukan shanu da ɗan birni bai taɓa ji ba. Ga kuma Gwari da Kamuku, kowa da harshensa da sunayen da yake kiran waɗannan abubuwa. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna cin karensu babu babbaka sun tashi ƙauyuka da yawa, tsofaffi sun dawo gari, yara sun tashi ba su san daji ba. Sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe kasuwar kara, ya kawo sa'ida. Amma yaron da bai taɓa ganin madobiya a tsaye ba, da wuya ya riƙe sunanta.

Tattara kalmomi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Schön ya fitar da ƙamusinsa a 1876. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Bargery ya shafe fiye da shekara goma yana zagaya garuruwa kafin ƙamusinsa mai kalmomi kusan 39,000 ya fito a 1934, yana nuna wadda ta Katsina ce da wadda ta Sakkwato ce. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta buga Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ke bayyana Hausa da Hausa. Magabata a wannan fage da hannu suka yi aiki: kowace kalma da 'yar takardarta, a jera a akwati, in an yi kuskure a sake kwafewa. In littafi ya fito kuwa, gyara sai wani bugun, wanda kan ɗauki shekaru.

Kwamfuta ta sauya wannan. Manhajar da masu wannan aiki suka fi amfani da ita a ƙananan harsuna ita ce FLEx, ta ƙungiyar SIL. Kyauta ce, kuma tana aiki ko babu intanet, abin da ke da muhimmanci a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Abu na farko da mai koyo zai fahimta shi ne, ba jerin kalmomi ake bugawa kamar wasiƙa ba. Kowace kalma tana da gida nata mai ɗakuna: ɗakin rubutunta, na jinsinta da jam'inta, na ma'ana, na misali a cikin jimla, na hoto, na murya, da na wanda ya faɗe ta da garinsu.

A ɗauki doka, itacen da ya fi yawa a wannan daji. Mai aikin zai ɗauki hoton ganyenta da kwansonta da jikin itacen. Zai sa dattijo ya faɗi sunan sau biyu a wuri marar hayaniya, wayar na kusa da bakinsa, sannan ya sa shi a jimla kamar yadda zai faɗa wa ɗansa. Zai tambayi sunanta a Gwaranci da Kamukanci da Fillanci, ya rubuta ko a Kuyello aka ji ko a Randagi ko a Dogon Dawa. Daga nan a nemi masanin tsirrai ya tabbatar da sunanta na kimiyya, domin suna ɗaya kan hau itatuwa biyu a garuruwa daban-daban. Da zarar an cika ɗakunan nan, manhajar da kanta za ta jera kalmomi bisa haruffa, ko ta ware na itatuwa kaɗai, ko ta juya ƙamusin ya fara daga wani harshen.

Murya ita ce babbar ribar zamani. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa kuka ta miya da kukan jariri suke fitowa iri ɗaya a takarda. Ƙamusin waya kuwa, ka danna ka ji. Wannan ya fi amfani ga harsunan Kamuku, waɗanda masu karanta su ba su da yawa. Sai kuma haruffa masu lanƙwasa. Dole mai koyo ya saba da allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, irin Gboard a waya ko Keyman a kwamfuta. Wanda ya yi sakaci da su, na'ura za ta jera masa kalma a inda ba gidanta ba, mai nema ya rasa ta.

Akwai kuma dabarar tattarawa. Maimakon a bi haruffa ana cewa a kawo kalmar da ta fara da "b", SIL ta tsara rukunonin ma'ana kusan 1,800: farauta, ruwan sama, cututtuka, sassan itace, da sauransu. A zaunar da mutum biyar ko shida a jefa musu tambaya kan rukuni ɗaya, wannan ya faɗi, wancan ya tuna, ɗaya na rubutawa. Ta wannan hanya, al'ummomi da dama a Afirka sun tara dubban kalmomi cikin mako biyu. Ba sai an kutsa daji ba. Da yawa daga masu ilimin suna cikin gari. In an kammala, manhajar Dictionary App Builder na mayar da aikin ƙamusin da za a sa a wayar Android, shafin Webonary kuma na ɗora shi a intanet.

Sai dai na'ura ba ta san gaskiya da ƙarya ba, abin da aka ba ta shi take ajiyewa. Ma'anar da mutum ɗaya ya bayar a tabbatar da ita wurin wasu biyu. Kada a ɗauki muryar kowa sai da yardarsa, kuma in mai magani ya ce sirrin haɗinsa ba na yaɗawa ba ne, a rubuta sunan itacen a bar sirrin. A riƙa ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, don waya na faɗawa ruwa, kwamfuta na lalacewa.

Kayan da ake bukata ba su taka kara sun karya ba: kwamfuta ɗaya, wayoyi kaɗan, faifan sola, da malamin harshe daga Zariya ko Kaduna ko Kano da zai horar da matasa ya kuma duba aikinsu. Masarauta na iya kiran sarakunan sana'a, makarantun sakandare su ba da ɗalibai. Matashin da ya iya tsara bayanai da tace murya da rubuta Hausa daidai ya samu sana'ar da gidajen rediyo da masu fassara ke nema. A fara da rukuni ɗaya, na itatuwa, a gama shi da kyau kafin a wuce zuwa na namun daji.