Mayar da Ƙarfin Ƙaramar Mota Zuwa Tayoyin Baya

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa ƙarƙashin Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, zai ga wani dogon ƙarfe ya taso daga giya ya nufi aksil ɗin baya. Makanikai na kiransa farfela, kuma shi ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya don su tura motar. An harhaɗa wannan mota a Kaduna daga 1975 zuwa 2006. Amma a ƙananan motoci irin su Golf babu farfela: inji yana kwance a gicciye, giya na manne da shi, tayoyin gaba ne ke jan motar. Wannan tsari ya yaɗu ne bayan fitowar motar Mini a Ingila a 1959, domin yana rage nauyi da tsada, yana kuma bar wa fasinjoji fili.

To, me ke sa wasu masu tseren mota su ɗauki irin wannan ƙaramar mota su mayar da ƙarfinta baya?

Amsar tana cikin darasin Fiziks. Idan direba ya taka totur, nauyin mota yakan rinjaya baya, a daidai lokacin da fasinja ke jin bayansa ya mannu da kujera. Ana lissafa nauyin da ya koma baya kamar haka: a ninka nauyin motar da saurin ƙaruwar gudunta, a sake ninkawa da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, sannan a raba da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Mu ɗauki mota mai kilogiram 1,000, cibiyar nauyinta na mita 0.5, tazarar tayoyinta mita 2.5, gudunta kuma na ƙaruwa da mita 5 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Lissafin zai ba mu Niwton 1,000, wato kwatankwacin buhu biyu na siminti sun tashi daga gaba sun koma baya. Taya kuwa ba ta kama kwalta sai gwargwadon nauyin da ke danne ta. Ke nan mai ja da gaba tana rasa riƙo a daidai lokacin da ta fi bukatarsa, alhali mai turawa da baya ƙara samunsa take yi.

Hanyoyi biyu ake bi wajen wannan sauyi. Ta farko ita ce a bar inji a gaba amma a miƙar da shi, a ciro giya da farfela da aksil daga wata mota mai turawa da baya. Sai dai dole a yanka daben motar a yi wa giya da farfela hanya, a yi waldar sababbin mazaunin inji, a kuma sauya wa tankin mai da salansa wuri. Farfelar da aka rage wa tsayi ba a daidaita nauyinta ba za ta riƙa jijjiga motar, har ta iya tsinkewa ana cikin gudu.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauke inji da giya gaba ɗaya a kai su bayan direba. Haka kamfanin Renault na Faransa ya yi a 1980, lokacin da ya fitar da Renault 5 Turbo daga ƙaramar motarsa mai ja da gaba. An cire kujerar baya aka dasa inji mai lita 1.4 a gurbinta, aka aro giya daga babbar motar Renault 30, aka kuma faɗaɗa bayan motar don ya ɗauki manyan tayoyi. Da ita Jean Ragnotti ya lashe tseren Monte Carlo a 1981. Abin lura shi ne, kusan sabuwar mota injiniyoyin suka ƙera, siffar tsohuwar kawai ta rage.

A nan ne haɗarin yake ga mai kwaikwayo a garejin unguwa. Ƙananan motocin zamani ba su da shasi daban. Jikin motar shi ne ƙashin bayanta. Wanda ya yanka dabe bai ƙarfafa wurin ba ya raunana abin da zai kare fasinja ranar hatsari. Haka nan an tsara birki ne bisa cewa kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar yana gaba, don haka idan rabon nauyi ya sauya, tilas a sake daidaita birki da sifirin. Halin motar a kwana ma yakan canza: mai ja da gaba takan nemi wucewa kai tsaye idan gudu ya yi yawa, mai turawa da baya kuwa bayanta ne ke zamewa, wanda ya fi wuyar gyarawa ga direban da bai ƙware ba.

Saboda haka irin wannan mota ta filin tsere ce, kuma aikinta na wanda ya iya lissafi ne kafin ya ɗauki abin yanka. Malamai za su iya gwada darasin a aji: a sa ɗalibai su rage tazarar tayoyi zuwa mita 2, su sake lissafin, su ga yadda nauyin da ke komawa baya zai ƙaru.