Abincin Zuciya: Lionel Opie da Tashe, Dusashewa da Dawowar Wani Fannin Bincike

Zuciyar mutum tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, kuma ba ta da ajiyar kirki. Sinadarin makamashin da ake kira ATP, wanda tsokarta ke dogaro da shi, in aka daina sabunta shi ba zai kai ta ko minti ɗaya ba. Dole ta riƙa haɗa shi tana kashewa nan take, kimanin kilo 6 a kullum. Da me take haɗa shi, kuma me ke faruwa idan abin ya yanke? Fannin binciken da ya taso daga wannan tambaya ya yi tashe a shekarun 1960 da 1970, ya dusashe, sannan ya sake ɗagowa bayan 2015. Wanda ya bi tarihin nan zai yi ta cin karo da sunan Farfesa Lionel Opie na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a 1933, ya rasu a 2020.

Ba shi ya fara ba. Tun a ƙarshen shekarun 1940 Richard Bing ya riƙa zura siririn bututu cikin jijiyar da ke kwaso jini daga tsokar zuciya yana auna abin da ta cinye. Aikinsa ya nuna cewa zuciyar mai lafiya ta fi dogaro da kitse, ba sukari ba. A 1963 Philip Randle da abokan aikinsa suka nuna cewa kitse da sukari rige-rige suke yi a cikin tsoka: in kitse ya yi yawa, sai ya danne amfani da sukari. Opie ya shigo a daidai wannan gaɓa, bayan karatun likita a Cape Town da digirin bincike a Oxford, da kuma zama a ƙarƙashin Hans Krebs da Ernst Chain, waɗanda dukkansu sun ci kyautar Nobel. A 1968 da 1969 ya fitar da dogon nazari kashi uku a mujallar American Heart Journal, inda ya tattaro abin da ke warwatse game da abincin zuciya, cikin lafiya da cikin ciwo.

A 1970 ya gabatar da hasashen da aka fi saninsa da shi. Kitse kamar ɗanyen kututture yake a murhu: akwai wuta mai yawa a cikinsa, amma sai da fifita. Yana cin iskar oksijin fiye da sukari da kusan kashi 10 cikin 100 kafin ya ba da makamashi daidai da nasa, sukari kuwa yana iya ba da ɗan abin riƙewa ko da iska ta yi ƙaranci. To, lokacin da jijiyar zuciya ta toshe, zafin ciwo da firgici sukan sa jiki ya tuttuɗo da sinadarin adiranalin, shi kuma ya saki kitse cikin jini. Ke nan a daidai sa'ar da tsoka ke ƙishin iska ake ɗura mata abin da ya fi cinye iskar. Opie ya ce a juya lamarin, a rage kitsen da ke yawo a jini, a tura zuciya ga sukari. Da ma wani likitan Meziko, Demetrio Sodi-Pallares, ya fara ba masu bugun zuciya ƙarin ruwa mai haɗe da gulukos da insulin da fotasiyam tun 1962. Opie ne ya fayyace dalilin da zai sa haɗin ya yi aiki.

Me ya sa fannin ya yi tashe a lokacin? Babban dalili shi ne rashin madadi. Likitan shekarun 1960 ba shi da hanyar buɗe jijiyar da ta toshe, iyakarsa ya kwantar da majiyyaci, ya sa ido kan rikicewar bugun zuciya. Duk dabarar da za ta sa tsoka ta jure yunwar iska abar runguma ce. Sannan akwai kuɗi da suna. Dashen zuciyar da Christiaan Barnard ya yi a asibitin Groote Schuur a 1967 ya jawo idon duniya kan Cape Town, kuma da Opie ya koma gida a 1971, kuɗin cinikin littafin Barnard ne suka fara ɗaukar nauyin bincikensa. Sai kuma dandalin da ya gina da hannunsa: a 1970 shi da Bing suka kafa Journal of Molecular and Cellular Cardiology, masu nazarin ƙwayoyin halittar zuciya suka samu inda za su buga aikinsu.

Dusashewar ta zo ne ta hanyar nasarar wasu. Manyan gwaje-gwajen 1986 a Italiya da na 1988 da aka jagoranta daga Oxford sun tabbatar da cewa maganin narkar da gudan jini yana ceton rai. Daga baya aka ƙware wajen buɗe jijiya da 'yar balo da dasa ƙaramar ragar ƙarfe. Tunda an iya buɗe hanya, wa zai tsaya koya wa tsoka haƙuri? Kamfanonin magani ma ba su ga riba a haɗin sukari da insulin ba, don ba mai iya mallakarsa. Da aka zo aka gwada shi sosai, sakamakon bai yi daɗi ba. Gwajin CREATE-ECLA da aka buga a 2005, mai majiyyata sama da 20,000, bai nuna raguwar mace-mace ba: kashi 10 cikin 100 a ɓangaren da aka ba haɗin, kashi 9.7 a ɗaya ɓangaren.

Opie bai sauka daga ra'ayinsa ba. Hujjarsa ita ce an makara, domin haɗin an yi shi ne don riƙe tsoka kafin a buɗe jijiya, ba bayan sa'o'i sun shuɗe ba. Gwajin IMMEDIATE na 2012 a Amurka, mai mutum 871, inda ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya suka fara sa ruwan tun a hanya, ya ɗan mara masa baya. Bai hana bugun zuciyar aukuwa ba, wanda shi ne ainihin abin da aka fita aunawa, amma tsayawar zuciya ko mutuwa a asibiti ta sauko daga kashi 8.7 zuwa 4.4. A ganina hujjarsa mai ƙarfi ce, sai dai gaskiya ita ce har yau haɗin bai shiga ƙa'idojin jinya ba.

Duk da haka tasirinsa bai ragu ba, kuma a nan ne nake ganin masu auna malami da yawan takardu suke kuskure. Opie ya buga ɗaruruwan maƙaloli, amma abin da ya ratsa duniya shi ne bayaninsa. Littafinsa Drugs for the Heart, wanda ya samo asali daga jerin maƙalolin mujallar Lancet a 1980, an buga shi har sau takwas yana raye, Bernard Gersh yana taya shi a bugu na baya-baya. Ɗaya littafin, Heart Physiology, ya koya wa ɗalibai yadda abin da ke faruwa a cikin ƙwayar halitta yake bayyana a jikin majiyyaci. Likita zai buɗe littafin don duba adadin maganin hawan jini, ya tashi ya fahimci dalilin da ya sa maganin ke sauƙaƙa wa tsoka buƙatar iska. Ta haka tunanin makamashin zuciya ya zauna a kawunan likitoci a shekarun da ba a yayinsa.

Dawowar ta faɗo ta ƙofar da ba a zata ba. Bayan shakkun da aka yi a 2007 kan illar wani maganin ciwon suga ga zuciya, hukumar magunguna ta Amurka ta wajabta a 2008 cewa a gwada duk sabon maganin suga a kan lafiyar zuciya. A 2015 gwajin empagliflozin, maganin da ke sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, ya nuna raguwar kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 35 cikin 100. A 2019 gwajin dapagliflozin a kan mutum 4,744 ya nuna amfanin ya shafi har waɗanda ba su da ciwon suga. Nan aka koma tsoffin littattafai neman dalili. Wasu, irin su Ele Ferrannini a 2016, suka ce maganin yana ƙara sinadarin keton a jini, zuciyar da ta gaji kuma tana ƙona shi cikin sauƙi. Bai kamata a yi gaggawar cewa wannan ya gaskata Opie ba. Shi sukari ya so a tura wa zuciya, wannan kuwa fitar da shi yake yi, kuma akwai masu ganin rage ruwa da gishiri a jiki da kare ƙoda su ne asalin amfanin. Abin da ya tabbata shi ne muhawarar da kalmominsa ake yin ta.

Akwai giɓin da ya kamata a faɗa. Mafi yawan aikinsa na farko kan toshewar jijiya ne, ciwon da a zamanin wariyar launin fata ya fi kama fararen fata da Indiyawan Afirka ta Kudu. Daga baya ya waiwayo, ya rubuta kan hawan jini a Afirka kudu da Sahara tare da Y. K. Seedat a 2005, kuma Karen Sliwa, wadda ta gaje shi a shugabancin Cibiyar Hatter ta binciken zuciya a Jami'ar Cape Town a 2010, ta karkatar da cibiyar ga cututtukan zuciyar nahiyar. Binciken THESUS-HF na 2012, wanda Sliwa da Farfesa Mahmoud Sani na Kano suke cikin marubutansa, ya bi majiyyata 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashe 9. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Yadda irin wannan zuciya, wadda hawan jini ya kaurara tun mai ita yana tsakiyar ƙarfinsa, take sarrafa kitse da sukari da keton, aiki ne da ya cancanci a yi shi a Kano da Maputo da Soweto, a jikin mutanen da ciwon yake kwantarwa.