Masu Gayyar Yankan Kachala da Makomar Kogin Jama'are

A birnin Bauchi, duk sa'ad da aka tayar da zancen madatsar ruwa ta Kafin Zaki, noman rani da guraben aiki ne ke cika bakin jama'a. Da wuya ka ji an ambaci mutanen da ke can ƙasan kogin, a fadamun Haɗeja da Nguru, masu shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda, ba albashi ba alawus, domin su ƙwato wa bado da burgu gurbinsu daga hannun kachala.

Kachala doguwar ciyawar ruwa ce da kan zarce tsayin mutum. Inda ta kafu, kwalekwale ba ya ratsawa, koma ba ta shiga, ruwan da ya kamata ya gangara Gashuwa sai ya kauce ya malale gonaki da gidaje. Cikin duhunta ne tsuntsayen jan-baki ke kwana, gari na wayewa su far wa shinkafa da gero. Bado kuwa, wanda 'ya'yansa da saiwarsa suka sha fitar da talaka kunya a shekarar yunwa, inuwarta ke kashe shi. Haka ma burgu, abincin shanun Fulani da rani.

Laifin ba na ciyawar ba ne ita kaɗai. A da, ruwa kan cika fadama da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta tsage, kuma wannan bushewar ce ke hana kachala sakat. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, sai Kogin Haɗeja ya koma kawo ruwa kusan duk shekara. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, ai shi ne aljannar kachala.

Masu gayyar sun san sirrin abokiyar gabarsu. Ba a yanka ta a saman ruwa. Sai an duƙa an datse karan a ƙarƙashi, yadda ruwa zai rufe kututturen, iska ta daina kaiwa ga saiwa, ta ruɓe. Aiki ne mai cin rai. Ga matsattsaku, ga kaifin ganye, ga barazanar tsargiya. Ƙauyuka kan haɗu su buɗe mashigi, kifi ya samu hanya, bado ya sake shimfiɗa ganye. Amma muddin ruwan bai sauya hali ba, bayan 'yan damuna kachala ta dawo kamar ba a taɓa ta ba.

A takarda dai ba a yi sakaci ba. Tun 2000 Tafkin Nguru da mashigin Marma suka shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Tafkin Maladumba na Misau a Jihar Bauchi ya bi sahu a 2008. A 2006 jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka haɗa hannu da Gwamnatin Tarayya wajen kafa asusun kula da kogunan yankin. Sai dai ranar da za a buɗe ƙofar madatsa da ranar da za a rufe ta, wannan hurumin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun ruwa a Abuja.

A nan ne Bauchi ta shigo. Kogin Jama'are, wanda ya ratsa ƙasar Katagum, har yanzu babu babbar madatsa a kansa, shi ya sa yake kawo ambaliyar damina yadda aka gada, ya kuma ja da baya da rani. An soma aikin Kafin Zaki zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar a 1984, kuma gwamnatocin jihar sun sha neman a farfaɗo da shi. Buƙatar manomin Ningi gaskiya ce. Amma duk jami'in da fayil ɗin ya sauka a teburinsa, ya fara duba ko an rubuta a ciki wata nawa za a bar fadamar ta bushe kowace shekara, da kuma wanda zai sa hannu a kan hakan.