Dayatom: Abincin Kifi Da Ido Ba Ya Gani

'Yan uwa masu shirin fara kiwon kifi, kun taɓa lura ruwan kududdufi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗan sheƙi? Ba kullum laka ba ce. Wani lokacin dayatom ne suka yi yawa.

Dayatom dangin gansakuka ne, amma sai da madubin likita ake ganinsu. Kowanne yana cikin ɗan ƙoƙo na silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Da rana suna sakin iskar oksijin a ruwa. Karfasa na cin su kai tsaye, ƙananan ƙwarin ruwa ma na cin su, 'ya'yan tarwada kuma su cinye ƙwarin. Abinci ne kyauta.

Ƙoƙon nan ba ya ruɓewa da wuri. Shi ya sa samfuran da masanin Jamus Ehrenberg, wanda ya rasu a 1876, ya tara suna nan a gidan adana kayan tarihin halittu na Balin, ana amfani da su har yau. Masana kan ɗauko tsohon samfuri su sa a madubi mai aiki da lantarki, su auna tsawo da faɗi, su ƙirga layukan jikin ƙoƙon, su gwada da na asali da aka fara raɗa wa suna. Sau da yawa abin da aka ɗauka iri ɗaya ne sai ya tashi iri biyu ko uku, sai a ba sabon nasa suna.

To, ina ruwan mai kiwo da suna? Kowane iri da ruwan da yake so. Wani sai ruwa mai tsabta, wani kuwa ya fi yawa inda taki da ƙazanta suka taru. Da irin da aka samu ake gane lafiyar ruwan kogi ko dam. In aka kuskure suna, an kuskure hukunci kan ruwan.

Kai da ba ka da madubi, ga gwaji: tsoma hannu cikin ruwan har gwiwar hannu. In tafinka ya ɓace tun kafin nan, ruwan ya yi kauri, dakatar da taki ka rage ruwa ka zuba sabo, don da asuba iska za ta yi wa kifi ƙaranci. In kuma kana hango ƙasan kududdufi garau, abincin ya yi kaɗan, ƙara taki daidai gwargwado.

Allah ya ba da sa'a.