Reshen Kuka da Farashin Gero: Shin Siffarsu Ɗaya Ce?

Duk wanda ya ratsa gonakin Minjibir da rani, lokacin da itatuwan kuka suka kaɗe ganye, ya ga abin da za mu tattauna a kansa. Babban reshe ya rabu biyu ko uku, kowanne ya sake rabuwa, har a kai ga 'yan tsinkayen da ke can ƙoli. In ka karyo ƙaramin reshe ka kafa shi a ƙasa, sai ka ga kamar itaciyar ce aka ƙanƙanta. Haka jijiyoyin ganyen wake suke, haka ma hanyoyin iska a huhun ɗan Adam, masu rarrabuwa kimanin sau 23. Irin wannan siffa, wadda ɓangarenta ke kama da ɗaukacinta, ita ce masanin lissafi Benoit Mandelbrot ya raɗa wa suna firaktal a 1975.

Kasuwa na cikin wuraren da ya fara cin karo da ita. A 1963, yana aiki da kamfanin IBM, ya wallafa nazarinsa kan farashin auduga na shekaru masu yawa a Amurka. Ya tarar cewa hawa da saukar farashi daga rana zuwa rana suna da fasali ɗaya da na wata zuwa wata. In aka goge kwanan wata daga jikin zanen, da wuya a bambance su. Ya kuma tarar cewa farashi kan yi tsalle babba fiye da yadda lissafin Louis Bachelier na Faransa, na 1900, ya yi hasashe, domin Bachelier ya ɗauka farashi na tafiya ne da ƙananan taku. Ranar 19 ga Oktoba, 1987, ma'aunin hannun jari na Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari a wuni guda. A lissafin Bachelier, kusan ba zai yiwu a ga irin wannan rana ba.

To, yaya batun geron da ake kaiwa Dawanau? A nan sai mu yi hattara. Farashin hatsi yana da agogonsa: yakan sauka da kaka, ya yi ta hawa har tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Firaktal na ainihi kuwa ba ya fifita shekara a kan mako. Amma a kan wannan zagaye na shekara akwai girgizar da ba ta neman izini: farin 1973 da na 1984, tsadar abinci a Maraɗi a 2005, rufe kan iyaka a Agustan 2019, da cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Kuma girgiza ba ta zuwa ita kaɗai. Rikici kan biyo bayan rikici, kwanciyar hankali ta biyo bayan kwanciyar hankali. Wannan ma Mandelbrot ya lura da shi.

A ganina, kamar tana nan, amma tana da iyaka, tamkar yadda rarrabuwar huhu ke tsayawa a 'yan jakunkunan iska. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa in aka auna sauyin farashi na dogon zango, yakan fara komawa ga fasalin da Bachelier ya zana. Abin da firaktal ke faɗi shi ne yawan haɗari, ba ya faɗin farashin gobe. Ina nanata wannan ne saboda ɗalibaina da ke cinikin kuɗi ta waya, waɗanda ake sayar wa "sirrin" karanta zane. Manomin da ya ci bashi don ya ɓoye buhu goma, yana dogaro da cewa bara an samu riba, shi ma yana raina girman tsallen da farashi ke iya yi zuwa ƙasa.

Malamai na iya gwada wannan a aji. A sa ɗalibai su riƙa rubuta farashin tiyar gero kowace ranar kasuwa, tsawon shekara. Daga nan su zana na wata uku a takarda ɗaya, na shekara a wata, su goge kwanakin, su miƙa wa aji na gaba ya tantance wanne ne wanne.