Yadda ake haɗa teburin aiki da kallo da kayan gwanjo: ƙafar keken ɗinki, tsohuwar ƙofa da sikirin ɗin laftof

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan ɗaki a 'yan shekarun nan ya san cewa farashin teburin kwamfuta kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa. Mafi yawan waɗannan tebura kuma da allon garin katako ake yin su, wanda kafintoci ke kira MDF, irin wanda ruwa kaɗan ke kumbura shi har ya ɓarɓashe. Alhali a zauruka da bayan ɗakuna akwai kayan ƙarfe da katako na gaske a jibge, ba abin da ke damun su sai tsatsa da tsohon fenti.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. A harkar gwanjo maganar tana tabbata ne a kan wanda ya saya bai duba ba, ko ya shafa fenti bai gyara abin da ke ƙarƙashi ba. Wannan bayani zai bi aiki guda daga farko zuwa ƙarshe: tebur mai ƙafar keken ɗinki, da saman da aka yanko daga tsohuwar ƙofa, da sikirin ɗin laftof ɗin da ta mutu, da fitilar LED a bayansa.

Inda ake samun kayan

Ƙafar keken ɗinki, irin ta Singer ko Butterfly, ana samun ta wajen teloli da suka koma keken lantarki, da masu gyaran keke, da 'yan gwangwan. Tsofaffin ƙofofi kuwa suna fitowa duk inda ake rushe gida ko sabunta shi. Kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Katako a Yamai sun yi suna wajen kayan gini da tsofaffin ƙarafa. Dillalan unguwa ma suna da labarin wanda ke son rabuwa da kayansa, haka nan Jiji da Facebook Marketplace. Sai dai hoto ba ya nuna tsagewa, don haka ba a tura kuɗi sai an je an taɓa kayan da hannu.

Abin dubawa kafin a biya

Ƙafar keke zubin ƙarfe ce. Tana da ƙarfi da nauyi, amma idan ta faɗi tsagewa take yi, kuma waldarta sai gwani. Tsatsa ba matsala ba ce, tsagewa ce matsala. A duba mahaɗai da wuraren da noti ke shiga, a kuma ajiye ta a kan siminti a girgiza a ga ko ƙafafun huɗu sun zauna daidai.

Ita kuwa ƙofa, ƙwanƙwasa ta ake yi. Idan ta yi ƙara kamar ganga, cikinta holoƙo ne, falle biyu ne na siririn katako aka manna, kuma ba za ta riƙe sukuru ba. Wadda ake nema ita ce mai nauyi, ta madaci ko makamancinsa. Ƙananan huda masu zubar da gari alama ce ta ƙwaron katako, layin ƙasa a jiki kuma aikin gara ne. A soka sukuddireba a ƙasan ƙofar, inda ruwan damina ya fi taɓawa. Idan ta nutse, wurin ya ruɓe, amma muddin sama lafiya yake ana iya yanke ruɓaɓɓen a zubar.

Idan har za a haɗa da kujerar gwanjo mai soso, a buɗe ɗinkinta da lungunanta da tocila. Ɗigo-ɗigon baƙi a jikin yadi alamar kuɗin cizo ce. Gara a tsaga yadin da soson a yar tun a waje, a shigo da katakon kawai, da a kwashi ƙwaro a kai wa iyali.

Tsohon fenti da gubar dalma

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Tsofaffin fentin mai, musamman ja da rawaya da kore, sau da yawa suna ɗauke da dalma. Amurka ta haramta irin wannan fenti a gidaje tun 1978, amma a ƙasashe da yawa an ci gaba da sayar da shi shekaru masu yawa bayan haka. Arewa ta san illar dalma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinare da ake daka wa a gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da masu juna biyu ne suka fi shiga haɗari.

Saboda haka ba a goge tsohon fenti a bushe a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ba a kuma ƙona shi da wuta. A fita da ƙofar waje, a shimfiɗa leda a ƙasa, a jiƙa fentin da ruwa, a kankare shi yana da danshi, a yi amfani da samfefa mai jure ruwa. A rufe hanci da takunkumi mai kyau. Idan an gama a naɗe ledar da dattin a zubar nesa, a wanke hannu da kayan jiki daban.

Gyaran katako da ƙarfe

Tsayin teburin rubutu na yau da kullum kusan santimita 75 ne. Ƙafar keke tana kai kimanin santimita 70, don haka da an ɗora katako mai kaurin santimita 3 ko 4 an iso wurin. Da yake ƙafar ba ta da faɗi, kada tsawon saman ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, in ba haka ba teburin zai riƙa rinjaya idan an jingina da gefensa. Kafinta zai yanke shi cikin minti kaɗan.

Samfefa tana da lamba a bayanta, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Ana farawa da 80 don daidaita katakon, a bi da 120, a ƙare da 220. Kullum ana bin tsawon jijiyar katakon, domin gogar da aka yi a gicciye tana fitowa ɓaro-ɓaro da zarar an shafa folish. Ramukan hinji da na makulli ana cike su da garin katako da aka kwaɓa da gam ɗin kafinta. Idan madaci ne, asara ce a rufe shi da fenti. Folish shafi biyu ko uku, da ɗan goga da lamba 220 a tsakani, ya isa ya fito da jan launinsa.

Ƙarfen kuma ana goge shi da buroshin waya, a wanke maiƙon da kananzir, a bari ya bushe sarai, sannan a shafa jan fentin hana tsatsa. Fentin feshi yana zuwa daga baya, daga nisan santimita 20 zuwa 30, shafi siriri sau biyu ko uku. Shafi ɗaya mai kauri tsiyaya yake yi. Ana feshin a fili, nesa da murhu. Ranar da hazon hunturu ya yi yawa ƙura tana mannewa a ɗanyen fenti, a tsakiyar damina kuma bushewa na ɗaukar lokaci. Babbar tayar keken tana da kyau a ido, amma a ɗaure ta da waya ko noti, domin yaro na iya taka fedar ta matse masa yatsa.

Sikirin ɗin laftof da ta mutu

Sau da yawa laftof na mutuwa ne ta wajen babban allonta, sikirin ɗin kuwa lafiyarsa ƙalau. Masu gyaran kwamfuta suna da irinsu a ajiye. Abin da ke mayar da shi abin kallo mai zaman kansa shi ne wani ƙaramin allon sarrafawa mai ƙofar HDMI, wani lokaci har da VGA da wurin lasifika. Da shi za a iya jona dikoda, ko a yi amfani da shi a matsayin fuska ta biyu ga wata kwamfutar.

Ba kowane allo ke dacewa da kowane sikirin ba. A bayan sikirin akwai takarda mai ɗauke da lambarsa, misali LP156WH4. LP na nuna kamfanin LG ne ya yi shi, 156 kuma na nufin inci 15.6. Da wannan lamba cikakkiya ake neman allon, a AliExpress ko wajen masu kayan gyara, ba da sunan laftof ɗin ba. Mahaɗin waya ma iri biyu ne: tsofaffi suna amfani da LVDS, mafi yawa mai haƙora 40, sababbi kuma eDP, mafi yawa mai haƙora 30. Sikirin da ya tsufa sosai, wanda haskensa na siririn kwan fitila ne maimakon LED, a ƙyale shi, domin kwan yana ɗauke da sinadarin makuri kuma yana aiki da wuta mai ƙarfi.

Kafin a biya, mai gyara ya jona shi a wata laftof, a buɗe farin hoto sannan baƙi. Layi ko tabo ba ya ɓuya a kansu. Daga nan kafinta ya yi masa firem da ragowar ƙofar, a bar ramukan shan iska a baya inda allon zai zauna.

Lissafin wuta

Allon sikirin da fitilar LED mai kama da zare duk suna aiki da bolt 12, abin da ake rubutawa 12V a jikin adafta. Lissafin ba shi da wuya: wat shi ne bolt sau amfiya. Zaren fitila samfurin 3528 mai ƙwaya 60 a mita yana cin wat 4.8 a kowace mita, don haka mita biyu ba su kai amfiya ɗaya ba. Samfurin 5050 kuwa yana cin wat 14.4 a mita, ninki uku ke nan. Allon sikirin yakan nemi amfiya 2 zuwa 3. Idan an haɗa shi da mita biyu na 3528, adafta mai 12V 5A za ta ɗauke su ba tare da ta yi zafi ba.

Kuskuren da ya fi ƙona kaya shi ne ɗaukar cajar tsohuwar laftof ɗin a jona. Mafi yawan cajojin laftof 19V ne ko sama da haka, kuma bakin wasunsu yana shiga ramin allon daidai. Shigar baki ba ita ce dacewa ba, a karanta rubutun jikinta tukuna.

Zaren fitila ana yanka shi ne kawai a inda aka yi alamar almakashi. Mai lamba 3000K haskensa ruwan ɗorawa ne, yana dacewa da jan katako, mai 6500K kuma fari ne fat. Idan an manna shi a bayan firem yana haska bango, ɗakin yana yin kyau, ido kuma ba ya gajiya da kallo cikin duhu.

Wutar gida bolt 230 ce, ƙafar teburin kuma ƙarfe ce. Soket da adafta a ɗaure su a ƙarƙashin katakon, kada waya ta goga a ƙarfen, kada kuma a yi haɗin waya da leda. Duk abin da ya shafi wutar bango a bar wa mai gyaran lantarki. Haka tsohuwar talabijin mai ƙeya: akwatinta na jan hankalin masu son yin kanta da ita, amma kwalbarta na riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket, kuma gilashinta na ɗauke da dalma.

Yaushe aikin ke biyan kansa?

Kafin a taya komai, a fara jin farashin sabon tebur da na monita ta hannu. Sannan a rubuta kuɗin samfefa, folish, fenti, allon sarrafawa, adafta, ladan kafinta da kuɗin ɗauko kaya, domin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke cinye ribar. Idan allon da adaftar sun kusa kuɗin monita ta hannu mai lafiya, a sayi monitar a ɗora a kan teburin, ba a yi asarar komai ba. Inda riba take tabbas shi ne ƙarfen da katakon. Wanda ke da ƙafar keke a gidansu, ya kuma samu ƙofa mai nauyi da ba ta ruɓe ba, ya riga ya mallaki abin da ya fi tsada a teburin, saura aikin kwana biyu ko uku da haƙurin jiran fenti ya bushe.